Ragunan Yabo da Shafi na Biyu

Duk wanda ke zaune bayan kasuwar dabbobi ta Tawa ya san Yabo, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Kirista ce, mutuniyar Tsibiri, aure ya kawo ta Adar shekara talatin da ɗoriya. Mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Daniyel, da aikin dafa wa 'yan makarantar kwana abinci. Ba ta karanta faransanci, amma ka kawo mata rago ta dafa gadon bayansa, za ta faɗa maka kuɗin da zai yi ran jajibirin layya, kuma da wuya ta kuskure.

Ranar da Daniyel, wanda ke koyarwa a lakwal, makarantar boko ta wani ƙauye kusa da Bambai, ya ce yana son karatun fasto a wata makarantar tauhidi a Abijan, tambaya ɗaya ta yi masa: nawa ne? Ya faɗa. Ta ce ya ba ta shekara shida.

Da 'yan raguna biyu ta fara. Bayan salla, sa'ad da ba mai ko kallon rago, sai ta hau mota zuwa Barmu ta sayo ramammu, ta turke su, ta yi ta ɗura musu dussa da harawa shekara guda, ta sayar a makon layya. Maƙwabtanta Musulmi har tsokanarta suke yi, wai ta fi liman ƙagara a ga wata. A shekara ta shida raguna goma sha huɗu ne a turke, manya, kamar 'yan maruƙa.

Takardar makarantar ta iso a watan Fabrairu, ta hannun majami'a, don majami'a ce ke tsaya wa ɗalibi. Malam Dauda, sakataren majami'ar, ya karanta ta ranar Lahadi da muryarsa ta sanarwa: an karɓi Daniyel, an kuma ba shi bursu, rabin kuɗin makaranta. Mata suka rangaɗa guɗa. Yabo ta koma gida ta ƙara wa raguna dussa, tana lissafin layya a tsakiyar Yuni, tafiya a Satumba.

Ashe takardar shafi biyu ce. Na biyun ya ce sai ɗalibin da ya fito daga wata ƙasa ya aiko da shaidar banki kafin ƙarshen Mayu, mai nuna cewa sauran rabin kuɗin ya yi wata uku cur a ajiye. Malam Dauda ya ga maganar kuɗi ce, maganar kuɗi kuwa a majami'ar nan ta dattawa ce, maza, a zaman kwamiti. Ya ninke shafin ya sa a durowa. Zaman farko wani ya yi tafiya, na biyu aka yi rasuwa, na uku rufin kwano ya cinye lokacin. Matar da ke zama a benci na uku kowace Lahadi, tana warin garke, ba wanda ya ga ta isa a tambaye ta.

Saura kwana goma wa'adin ya cika Daniyel ya zo neman takardunsa na tafiya, aka buɗe durowa. Shi ya karanta wa uwar shafin a tsakar gida. Ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, ta nufi ofishin majami'a.

"Malam Dauda, mi ya hana ka gaya mini?"

"Uwar Daniyel, mun so mu rufa miki asiri ne. Mace ke kaɗai, ina za ki samo waɗannan kuɗi?"

"Ka taɓa tako gidana?"

Bai taɓa ba. Da ya leƙa sau ɗaya, da kukan raguna ya ba shi amsa tun daga zaure. Da ta ji a Fabrairu, da a ranar ta kora su kasuwa, ko da ba su kai darajar layya ba, kuɗin ya kwanta a banki ya yi wata ukunsa. Abin da ke cin ranta ke nan har yau: tana da shi, a hannunta yake, aka yanke mata talauci ba a tambaye ta ba.

Daniyel ya buga wa makarantar waya. Suka yi masa magana mai daɗi, suka ce doka ce, bursun kuma ba ya jira, akwai wani a layi.

Lahadin da ta biyo baya Malam Dauda ya tashi ya sanar cewa tafiyar ɗan'uwa Daniyel ta fasa, Ubangiji bai nufa ba. Yabo ta miƙe daga benci na uku.

"Kada ka ɗora wa Ubangiji," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ubangiji ya ba ni raguna sha huɗu. Kai ne ka rufe takarda a durowa."

Ta ɗauki Littafinta ta fita.

Layyar shekarar ta yi tsada irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Dillalai suka yi ta rububin ragunanta, ta samu fiye da abin da makarantar ta nema, kwana goma sha bakwai bayan an rufe. Rabin kuɗi ne dai, ɗaya rabin ya tafi da bursu.

A Satumba Daniyel ya ajiye alli, ya ce zai je ya nemo sauran da hannunsa. Ta raka shi tasha, ya shiga motar Abijan tare da samarin Adar masu tafiya biɗa, neman kuɗi. Can yake yanzu, yana sayar da shayi da burodi, kuma ya ce daga teburinsa ana jin ƙararrawar makarantar.

Yabo ta koma Barmu ta sayo ramammu. Ta kuma koma bencinta na uku, don majami'ar ba ta Malam Dauda ba ce. Amma duk takardar da aka tashi karantawa, ko ta bikin wani ce, sai ta ɗaga hannu ta ce a juya bayanta a karanta mata.