Goron da Yaya Ya Sa a Aljihu

Ni ban ga farkon faɗan ba, jinin na tarar. Yayana tela ne, shagonsa na bakin Fagge, ta inda ake tsallakawa Sabon Gari. Maƙwabcinsa wani dattijo ne Ibo, shi da ɗansa suna gyaran janareta. Duk injin da suka gyara sai sun tayar da shi a ƙofa, hayaƙin kuwa shagon Yaya yake nufa. Ranar ya baƙanta wata farar shaddar mutane. Cacar baki ta kaure, ɗan dattijon ya hankaɗe Yaya, shi kuma da baƙar zuciyar nan ta gidanmu ya ɗauko dutsen guga ya sauke masa a muƙamuƙi. Na taso daga makarantar da nake koyarwa na iske haƙoran mutum a ƙasa cikin baƙin mai.

Aka ce in maganar ta je kotu, gidan yari ne ba makawa, ga mata ga 'ya'ya. Wani ɗan sanda ya gaya mini akwai ofishin sulhu a sakatariyar ƙaramar hukuma, ba a biyan ko kwabo, amma sai wanda aka zalunta ya yarda. Na yi ta sintiri gidan dattijon, ni da ban iya ba da haƙuri ba, har ya ce zai zo.

Mai sulhun wata Hajiya ce, haifaffiyar Sabon Gari. Dattijon ya shigo da ƙaninsa da ɗan nasa, an ɗaure masa haɓa da bandeji. Kafin a ce komai dattijon ya fito da goro a ɗan faranti ya miƙo wa Yaya. Yaya ya yi abin da kowane Bakano zai yi: ya ce ya gode, ya jefa a aljihu.

Ban ankara ba ƙanin ya tsallake tebur ya shaƙe Yaya, ya dalla masa mari har hularsa ta faɗi. Kujeru suka kife. Wallahi ni ma na cire takalmina, kan mutumin nake nema. Hajiya ta doki tebur da tafin hannu.

"Malama, mayar da takalminki. Kai kuma Malam, fito da goron nan. A wurinsu ba kyauta ba ne. Taɓawa ake yi a mayar wa babba, ya yi addu'a a kai, ya fasa, kowa ya ci daga ƙwaya ɗaya. Wanda ya ci ya ajiye gaba ke nan. Sulhun ka ɗauke ka sa a aljihu."

Yaya ya fito da shi. "Baba, ka yafe mini, ban sani ba."

Dattijon ya daɗe yana huci. Sannan ya yi addu'arsa da harshensu, ya fasa goron, ya ba kowa ɓari. Na tauna nawa, Yaya ma haka.

"Ba ni aka daka ba," in ji dattijon. "In ɗana bai ci ba, mu haɗu a kotu."

Sai a lokacin na tuna likita ya ɗaure wa ɗan nasa haƙora da waya, bakin ba ya buɗuwa. Tsoro ya kama ni. Ɗan ya juya ɓarin goron a hannu, ya zuba wa Yaya ido. Can ya ɗaga leɓensa da yatsa, ya tura goron ta giɓin da dutsen guga ya bari. Ba ya iya taunawa, ya dai riƙe shi a baki, jini na tsattsafowa a bandejin.

Yaya ya kifa kai a tebur yana kuka. Har yau ba ya cin goro.