Wushiryar Jikar Hajiya Radiyya

Hajiya Radiyya shekarunta sittin da ɗaya, kuma a layin masu kayan jarirai na kasuwar Treichville babu shagon da ya riga nata. Daga Tawa aka kawo ta Abidjan tana amarya, aka sauke ta a unguwar Bracodi, har yau a can take. Abu biyu take tinƙaho da su: wushiryar da ke bakinta, da kuma cewa yaro ba ya kuka a shagonta.

Dabarar ba wata babba ba ce. Robar tsotson jarirai ce, wadda a nan ake kira tetin. Sai ta tsoma ta a madarar gwangwani mai sukari, ta cusa wa yaro a baki, ta juya ga mai ciniki.

Surukarta Rahama, matar ɗanta Shamsuddin, tana aiki a wani ofis kusa da Adjamé Mairie. Don haka 'yarsu Nuriyya a shagon kaka ta tashi. An yaye ta daga nono, ba a yaye ta daga tetin ba. Har ta kai shekara biyar abin yana rataye a wuyanta kamar laya. In ya ɓace, ta sa babban yatsa a baki kafin kaka ta ɓare sabo.

Haƙoran Nuriyya na sama suka turo gaba. In ta rufe baki, na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, sai rami daidai faɗin robar. Biyu kuma sun fara baƙi saboda sukari. Likitan haƙori da Rahama ta kai ta wajensa ya ce idan aka daina kafin haƙoran girma su fito, bakin zai iya gyaruwa da kansa. In ba haka ba, sai an ɗaura ƙarfe.

Rahama ta sami Hajiya a shago.

"Mama, don Allah a raba ta da tetin. Likita ya ce yana ɓata mata baki."

"Wane ɓatawa? Wushirya ce, 'yar nan, irin ta gidanmu. A Tawa samari har faɗa suke a kan mai ita."

"Mama, wushirya ai a tsaye take tsakanin haƙora biyu. Wannan a kwance take."

"To, ta zamani ce. Ke da haƙoranki kamar an ɗinke bakin buhu, me kika sani?"

Lami mai atamfa, maƙwabciyarta a layi, ta leƙo ta ce, "Hajiya, jikar taki ko aloko, soyayyar ayabar nan, ba ta iya gutsura da gaba, sai ta kai shi gefe kamar tsohuwa." Hajiya ta ce hassada ce, ta yi sati ba ta gaishe ta ba.

Rahama ta jefar da tetin na gida. Na shago kuwa kwali-kwali ne, duk wanda aka jefar da safe ana maye shi kafin azahar. Gudummawar Shamsuddin a maganar ita ce, "A yi haƙuri, Mama ce."

Yanzu Nuriyya tana shekara bakwai. Sababbin haƙora sun fito, sun bi hanyar da tsofaffin suka bi. A lakwal, wato makaranta, yara suna kiranta zomo, ta koyi dariya da hannu a kan baki. Ita da kanta ta tsinke zaren wuyanta. Likita ya ce lokacin gyaruwa da kai ya wuce, ƙarfe ya zama dole nan gaba.

Hajiya ta daina maganar wushirya. Yanzu cewa take yi turowar haƙori daga dangin uwa ne.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi sunan ƙanen Nuriyya, Abdulra'uf, a Bracodi. Da aka miƙa wa Hajiya jaririn, ya fara kuka. Ta zuge jaka, ta fito da gwangwanin madara da sabon tetin shuɗi, ta ce a ba ta ƙusa ta huda gwangwanin.