Ƙwallon Dabino Goma Sha Huɗu

Shekara bakwai da aure ko ɓari ban taɓa yi ba. Malam yana koyarwa a Kalgo, ni ina Gwandu wurin mahaifiyarsa, Inna, sai ƙarshen wata ya zo ya kwana biyu ya koma. Rubutu kuwa na sha har haƙorana suka fara dusashewa.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi na kai kaina asibiti. Wata sista mai faɗan tsiya ta duba ni, ta ce a Legas an fara zuƙo ƙwan mace da allura da inji, a haɗa shi da maniyyin miji a kwalba, a mayar mata ciki.

Na ce, "Ƙwai? Sista, ni kaza ce?"

Ta yi dariya har da dafa tebur. Ta ce kowace mace tana saki ɗaya a wata, kuma ba ya jiran kowa. "Legas ba tamu ba ce, mu namu na hannu ne. Yaushe maigidan ke zuwa?"

Da na faɗa mata, ta lissafa da kwanakin al'adata, ta riƙe baki. Ashe duk zuwansa ƙwan ya daɗe da wucewa. Wallahi haushi ya kama ni. Shekara bakwai ina zargin mayu!

Ta ce daga ranar da na ga jini in riƙa jefa ƙwallon dabino ɗaya a kwalla kowace safiya. Daga na sha biyu zuwa na sha huɗu, in kasance inda mijina yake.

Ranar na sha biyu na ɗaura gyale. Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, mace ka bin miji wurin aiki? Ina kunya?"

Na ce, "Inna, kunyar nan na yi ta shekara bakwai, ba ta haifa mini komi ba."

Malam na ganina a ƙofar makaranta, alli ya faɗi daga hannunsa, ya zaci rasuwa aka yi. Sau uku na yi wannan tafiya, a wata na huɗu jinin bai zo ba. Na zauna gaban kwallar na yi kuka, kukan daɗi.

Ranar sunan ɗiyata Inna ta ja ni gefe, wai in sam mata dabinon maganin, jikar ƙanwarta ma shiru ne.

Na juye mata ƙwallayen a hannu. "Inna, ba jiƙawa ake ba, ƙirgawa ake. Kuma in ta ɗaura gyale, ku matsa mata daga ƙofa."