Hoton Mai Wankin Hula da Na Ƙi Gogewa

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai ji da kansa. A unguwar New Bell ta birnin Duwala a Kamaru aka haife ni. Kakana ne ya zo Duwala da fataucin goro, ni kuwa na yi karatun Faransanci na samu aikin akawu a wani ofis a unguwar Bonanjo. Kullum da safe in ɗaura nektai in haye babur, in wuce 'yan tireda ina ɗaga musu hannu kamar wani gwamna. Da yake ana ganin na waye, sai aka ba ni shugabancin zauren unguwarmu na waya, inda ake sanar da rasuwa da suna da ɗaurin aure. Ni ke sa mutum, ni ke cire shi, ni ke goge abin da na ga dama. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni na haɗa shi da ƙaramin iko.

Da hannuna na rubuta dokokin zauren. Ban da zagin iyaye, ban da siyasa, ban da taɓa addini. Amma tsokana tsakanin ƙasa da ƙasa na halatta ta, na ce ai wasan taubasai ne irin na Fulani da Barebari, duk wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Mu haifaffun Kamaru mu ne masu yawa, baƙin 'yan kasuwa daga arewacin Najeriya kuwa tsiraru ne. Kuma shekarun nan ne da bama-bamai ke tashi a kasuwannin arewa, ana tare mutane a hanya ana duba takardu, duk baƙo mai doguwar riga ana yi masa kallon zargi. Na san duk wannan sarai, ba zan ce ban sani ba.

Akwai wani dattijo ɗan Najeriya mai wankin hula da ke zama a gindin katangar masallacinmu. Shi kaɗai ya zo garin, yana haya a ɗan ɗaki a wani gida. Gwani ne, in ya wanke hula ya sa mata sitaci ya ɗora ta a kan ɗan kututturen icen da ke gyara mata zama, sai ka rantse sabuwa ce. Ruwan Duwala ba ya sallama, shi ya sa kullum da yamma yakan zuba kututturan a buhu ya saɓa zuwa gida. Wata rana wani abokina ya ɗauke shi hoto daga gefe, ga buhu ya yi tudu-tudu a bayansa, ya saka a zaure. Ya rubuta da Faransanci cewa ɗan Najeriya ya iso da tsarabar ƙasarsu, mai son ransa ya yi ta kansa. Zaure ya kece da dariya. Ni shugaba, maimakon in goge, sai na ƙara da cewa a roƙe shi ya jinkirta tayarwa har mu idar da la'asar.

Dattijon ba ya karanta Faransanci, sai da wani ya fassara masa. Da yake shi ma yana cikin zauren, ya aiko da saƙon murya a sanyaye, yana kiran mu 'ya'yansa, yana roƙon a cire hoton don Allah. Na tafi da muryar ofis na kunna wa abokan aikina, ina kwaikwayon yadda take rawa, muna dariya har da hawaye. Ran Juma'a bayan an sauko ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ɗana, wannan wasan ba irin wanda ake yi da baƙo ba ne a wannan lokaci. Na ce masa Baba ya yi haƙuri, doka ta halatta, in na goge nasa gobe kowa zai ce a goge nasa. Har na ce masa in yana da baki shi ma ya rama.

Ya kuwa rama, sau ɗaya tak. Ya ce Hausawan Duwala in aka zare musu Faransanci daga baki sai su koma kurame, gaisuwa ma ba sa iya kai ta ƙarshe da harshen kakanninsu. Wallahi gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Kafin minti biyar na goge saƙon, na cire shi daga zauren, na sanar cewa an kore shi saboda cin mutuncin masu masauki. Hotonsa kuwa na bar shi inda yake.

Ban san wanda ya fitar da hoton waje ba. Na dai san ya shiga wayoyin mutanen da ba su san dattijon ba, ba su san kututturen hula ba, ba su kuma ga dariyarmu a ƙarƙashinsa ba. Abin da ya isa gare su hoto ne da gargaɗi. Shi kuma da yake na cire shi, bai ma san abin da ke yawo a kansa ba. Da aka zo samamen jami'an tsaro da muke kira kale-kale, ɗakinsa aka fara dosa. Aka zazzage buhun a tsakiyar titi, kututturan suka gangara cikin kwata, aka tasa ƙeyarsa a gaban jama'a. Ina tsaye da jakar ofis a hannu. Kalma ɗaya daga bakina da Faransancin da nake taƙama da shi za ta iya yi masa amfani, amma na ji tsoron a ce na san shi. Na koma gefe na goge hoton, na goge abin da na rubuta, don kada a biyo ta kaina. Abin da ya roƙe ni har sau biyu na ƙi, ranar na yi shi cikin ƙiftawar ido.

Sai da dattawan unguwa suka yi ta zirga-zirga kafin a sake shi. Ya fito ya rame, yana jan ƙafa, ya tarar mai gidan haya ya watso masa kaya waje. Waɗanda ke ba shi wanki suka ɗauke ƙafa, kowa na tsoron a gan shi tare da shi.

Ranar da zai bar garin ya zo gidanmu ya yi sallama, da hula a cikin leda. Ta mahaifina ce marigayi, na ba shi wanki tun kafin rigimar har na manta. Ya wanke ta, ya gyara ta tsaf. Bai zage ni ba, na so a ce ya zaga. Ya ce abin nan da muke wasa da shi, shi ne ya tashi a kasuwar garinsu ya tafi da matarsa da babban ɗansa, shi ya sa ya baro gida. Ya ce shi ma yana da taubasai, kuma a wurinsu wanda ke tsokanarka a kasuwa shi ke fara sa kafaɗa a makararka. Sai ya tambaye ni, ranar da aka zazzage buhunsa, ina taubasan nasa suke. Ya miƙa mini ledar, ya juya ya tafi.

Na nemi lambarsa daga baya, ba ta shiga. Ban san ko yana raye ba, kuma ban nemi gafararsa ba lokacin da yake tsaye a gabana. Wannan shi ke cin raina har yau.

Ina kira ga duk wanda aka ba riƙon zaure, ko na mutum goma ne. Kafin ka ce wasa ne, ka duba ko wanda ake yi da shi yana da ikon ramawa, ka kuma duba wa zai kwana a ciki in wasan ya fita waje. In ku masu yawa ne shi kuwa baƙo ne shi kaɗai, ba taubasantaka kuke yi ba, taron dangi ne. In mutum ya ce a cire, a cire, ba sai ya faɗi dalili ba. Hular mahaifina tana nan cikin ledarta a saman akwati. Salla nawa ta wuce, ban iya sa ta a kaina ba.