Ramukan Rinin Mahaifina

Damina ce da ruwa ya yi jinkiri, har sai da muka sake shuka. Kowa a takure yake a shekarar. A lokacin ne autata ta dawo hutu daga makaranta a Birnin Kudu, da wani sabon aiki a waya: rubutu a wani kundin ilimi na intanet, inda kowa ke iya ƙara abin da ya sani.

Ta ce, "Inna, ba a rubuta komai kan ƙauyenmu ba. Ba ni labari."

Na ba ta na marina. Mahaifina marini ne, ramukansa na bayan gari ta wajen Farin Dutse, har daga Maruta ake kawo masa saƙi. Hannunsa bai rabu da shuni ba har ya rasu. Ta rubuta, ta miƙo mini wayar. Karatun yaƙi da jahilci na yi, don haka a hankali na bi, ina ɗora yatsa. Ga marinarmu a rubuce.

Bayan 'yan kwanaki ta same ni ina tankaɗe. "Inna, an cire."

"Wa ya cire?"

"Wani ne, ban san shi ba. Ya ce a ina aka samo. Littafi suke so, ko jarida."

"Ki ce masa uwarki ce ta faɗa."

Ta yi dariya. "Ai shi ma yana da uwa, Inna. In kowa ya kawo tasa, wacce za a bi?"

Abin ya yi mini ciwo. Amma da na natsu, na tuna malaminmu na Islamiyya ba ya karɓar "an ce". Sai kin faɗi wanda ya ce, da inda ya ji. Mutumin nan bai ce na yi ƙarya ba. Bai dai san ni ba ne.

Damuwata ita ce ƙanena ya riga ya ce bayan girbi zai cike ramukan ya haɗa da gona. Daga nan babu littafi, babu rami.

Na tambaye ta, "Hoto fa?"

Ta ce hoto ana karɓa in mu muka ɗauka, ko da labarin zai jira mai rubuta shi a littafi.

Washegari da safe na ɗauki fartanya na tafi bayan gari. Na share ciyawar da ta rufe bakin ramukan. Ɗaya har yanzu gefensa shuɗi ne. Na koma gida na ce ta taho da wayar, tun rana ba ta yi zafi ba.