Igiyar da na ɗaura wa Amira

Jama'a, yau igiyar shanya ta raba ni da gidan yayata.

Amira, 'yar Yaya Hadiza ta unguwar Maitama, ta daɗe tana roƙona in kai ta hawan dutsen bayan Bwari. Shekararta tara. Ni kuwa tsoro ya hana ni sakat, sai na ɗaura mata igiya a ƙugu, ɗaya bakin a nawa.

Muna tsakiyar hawa ƙafarta ta zame. Innalillahi! Igiyar nan ce ta tare ta, tafin hannuna duk ya saɓule. Tana kuka ta ce, "Kawu, rantse ba za ka gaya wa Momi ba, za ta hana ni dawowa." Na rantse.

Ashe tun a gindin dutsen ta tura wa uwarta hotonmu da wayata, ga igiya a ƙugunta. Muna shiga gida Yaya ta tare ni: "Sani, 'yata ka ɗaure kamar akuyar kasuwar Dei-Dei? Ina jin ka, kawo dalili."

Na kalli Amira, ta sunkuyar da kai. Na cusa saɓulallen hannun a aljihu, na riƙe rantsuwata.

Yaya ta juya wajen maigadi: "Daga yau kada ka sake buɗe masa ƙofa."