Malam Mutaru da Murhun Hajiya Safura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Alhamis, 16 ga Oktoba, 2025, Hajiya Safura ta kira ni daga Yendi, ta ce maigidanta, Malam Mutaru, malaminmu na wasanni, ya riga mu gidan gaskiya. Ina tsakiyar filin makarantar da nake koyarwa, usur na rataye a wuyana, na kasa hura shi.

Malam, ni ne Wadud ɗan Salaga, wanda ka laƙaba wa Wutar Kara. Kuma na ci sunan. A zamaninmu, mu masu tsere ba ma sa komai a baki tun jajibirin gasa, wai ciki fayau ya fi sauƙin ɗauka. Ana hura usur sai mu kwasa kamar an koro mu, don 'yan kallo su yi tafi. Sau biyu ina zubewa a tsakiyar fili ana yi mini fifita. Baba ya gaji, ya ce, "Tseren Bawku shi ne na ƙarshe. Ka kuma faɗuwa, ka aje takalmin nan ka zo rumfar doya." Baba kuwa ba ya magana biyu.

Da ka ji haka, ba gaban allo ka kai ni ba, bakin murhun Hajiya ka kai ni. Ka cinna wa kara wuta, ta tashi bal-bal ta mutu. Sannan ka nuna mini gawayin da ke ƙarƙashin tukunya tun safe. Ka ce doyar da mutum ya ci, jiki yakan mai da ita sukari ya adana a tsoka da hanta. Idan an zabura da ƙarfi, tsoka takan ƙone sukarin ba ta jira iska ba. Wutar na da zafi, amma ba ta jimawa, sai cinyoyi su ɗau raɗaɗi. Idan kuwa an bi a sannu, numfashi na kai iska, jiki ya riƙa ƙona sukari har da kitse, a daɗe ana tafiya. Ka dube ni ka ce, "Kai kuma, ɗan nema, ka bar murhu ba itace, kana so tuwo ya nuna?"

A jajibirin tseren Bawku ka tsare ni sai da na cinye kwanon doya, da safe ka ƙara mini koko. Mita dubu biyar ne. Aka hura usur, kowa ya kwasa, aka bar ni a baya. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ɗan Salaga yawo ya zo!" Wallahi na ji kunya, ƙafata ta so ta ƙwace. Na hango ka, hannunka na yi mini alamar sannu-sannu. Daga zagaye na tara na fara wuce su ɗaya bayan ɗaya, suna haki baki buɗe. A zagayen ƙarshe na ji muryarka ta keta filin: "Wadud, yanzu! Cinna karan!"

Ni na fara taka layin ƙarshe, kuma a tsaye na gama. Baba bai sake zancen rumfa ba.

Ina alfahari da kai, Malam, ba na ɓoyewa. A watan jiya da na zo gaishe ka, ka yi murmushi ka ce gawayin ya kusa zama toka. Malam, gawayinka bai mutu ba. Ga shaida: ɗalibai arba'in nake horarwa, babu wanda ke shiga fili da yunwa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ya ba Hajiya Safura da 'ya'yanku, Nadiya da Abdul-Rahim, haƙurin wannan rashi. Ka yi tafiyarka a sannu, ka gama a tsaye. Allah Ya sa mu ma mu gama haka.